Juwairiyya Mai Kaɗa Sitiyari

A layinsu na Lugbe, can ciki inda kwalta ta gaji ta tsaya, ba mai kiran Juwairiyya da sunanta sai mijinta. Masu kunya suna ce mata Maman Bilkisu. Masu neman magana kuwa Direba suke ce mata, tana kuma amsawa ba tare da ta ɗago kai daga keken ɗinkinta ba. Ba haka kawai aka laƙaba mata sunan ba. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana zama a kujerar direba duk safiyar Asabar, hannu biyu a kan sitiyari, fuska a tamke kamar wadda za ta Legas, amma motar ba ta taɓa gusawa da ita ba. Abin da take gani ta gilashin gaba kullum ɗaya ne: shuɗin tankin ruwan maƙwabta, da wata bishiyar mangwaro da ta girma a kan idonta.

Mijinta, Ɗangoggo, jigilar ƙwai yake yi. Yakan ɗauko daga gidajen kaji na wajen Jiwa, ya raba wa masu shaguna da masu shayi a Lugbe, cikin wata tsohuwar wagon da ya cire mata kujerun baya. Wanda bai taɓa yi ba gani yake sana'ar malalaci ce, ka loda, ka tuƙa, ka sauke. To, ya gwada bin hanyar Karmo bayan an sha ruwa, da kiret jere har rufin mota, ya ga abin da zai isa da shi. Abokan sana'ar Ɗangoggo sun riga sun sallama, sun ce fashewa dole ce. Shi kuwa sunan da ya yi ke nan a garin: ƙwansa ba ya fashewa. Idan aka tambaye shi sirrin, ba ya cewa iya tuƙi. Sai ya nuna ƙarƙashin mota ya ce, “Roba.”

Gaskiyarsa kuwa. Duk inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe a ƙarƙashin mota, akwai 'yar roba da aka sa a tsakani don kada su ci juna. Bakanikai suna ce mata bushin. Akwai waɗanda suke riƙe da rak, wato dogon ƙarfen nan da ke kai saƙon sitiyari zuwa tayoyin gaba, akwai na hannuwan da ke riƙe da tayoyin, akwai kuma manyan da inji ke zaune a kansu. Idan suna da rai, mota ta faɗa rami robar ce ke shanye bugun, kuma inda aka juya ta nan take bi. Idan suka mutu sai sitiyari ya fara wasa. Ka murɗa, taya ta yi jinkiri kafin ta amsa, mota ta riƙa yawo a kan hanya, kowane rami kuma ya kai gaisuwarsa har cikin ƙwai.

Ɗangoggo ya riƙe robobin nan riƙon da wasu ba sa yi wa 'yan uwansu. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi sai ya wanke musu laka da ruwan sabulu. Baƙin mai kuwa ko ɗigo bai yarda ya taɓa su ba, ya ce mai cin roba yake yi a hankali har ta kumbura ta yi taushi ta daina riƙe komai. Idan zai sayi sabuwa sai ya danna ta da farcen babban yatsa, ya lanƙwasa ya ga ko za ta nuna tsaga, ya kai hanci ya shinshina, har mai shago ya ƙosa ya ce, “Malam, roba ce fa, ba tsire ba.” Kuma ba a isa a ɗaure masa noti mota tana rataye a kan jak ba, sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, don a cewarsa robar da aka ɗaure a murɗe ba ta yin tsawon rai. Bakanikai da yawa sun kore shi saboda wannan sa ido. Mutum ɗaya ne ya iya da shi, Abednego, mutumin Uke mai gareji a bakin babban titi, shi ma sai da suka yi faɗa suka shirya kafin abota ta ƙullu.

Sai dai akwai binciken da mutum ɗaya ba ya iya yi. Dole wani ya zauna a ciki yana kaɗa sitiyari, wani ya kwanta a ƙasa ya ɗora hannu a kan rak da gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ji inda ƙarfe ke motsin da bai kamata ba. Ta nan Juwairiyya ta shigo cikin lamarin.

'Yar Zariya ce. An kawo ta amarya lokacin da ciyawa ta fi gidaje yawa a wannan layin, ba ta san kowa ba, ba ta kuma san komai game da mota ba ban da shiga da fita. Asabar ɗinta ta farko a gidan, lallen hannunta ko gogewa bai yi ba, angon ya hau da tayoyin gaba kan wasu katakai biyu masu kauri, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya duba hagu da dama bai ga wanda zai saka aiki ba, sai ya leƙa ɗaki ya kira ta. Ta zauna a kujerar direba. Da ya ce “Kaɗa!” sai ta murɗa sitiyarin da iya ƙarfinta, saura kaɗan ta matse masa yatsa, da ya yi ƙara kuma ta firgita ta danna hon. Ya fito da laka a ƙeya yana dariya.

“Ba tuƙi na ce ki yi ba, Juwaira. Kaɗan hagu, kaɗan dama, kamar kina tankaɗe.”

Tankaɗe kuwa ta iya. Daga ranar aikin ya zama nata. Da farko hannu kawai take bayarwa, shi ne mai ji. A hankali tafin hannunta ya fara gane abubuwa da kansa. Ta san wannan ɗan filin banza da sitiyari ke yi kafin nauyin taya ya kama shi, ta san lokacin da ya ƙaru ko da kaurin farce ne, ta san bambancin ƙwas ɗin ƙarfe da luguf ɗin robar da ta gaji. Sai ya zamana idan ya gama lalube yakan tambaya daga ƙasa, “Me kika ji?” Ta ce, “Lafiya lau,” ko ta ce, “Akwai wasa ta hagu.” Idan jinsu ya zo ɗaya, magana ta ƙare. Idan ya saɓa, sai ya sake dubawa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ita ce da gaskiya. Ba ya cewa ta yi daidai, don ba halinsa ba ne, amma da yamma sai ta ga tsire a leda.

Daga inda take zaune, ƙofa a buɗe, ba ta ganin komai nasa sai ƙafafu. Ta san ƙafafun nan fiye da yadda wasu matan suka san fuskar mazajensu. Idan ransa fari ne babban yatsan dama yana ɗan bin wata waƙa da ba wanda ke ji. Idan ya gamu da abin da bai so ba, yatsun duka sukan dunƙule. Kuma abin mamaki, mutumin da a ɗaki sai an yi da gaske yake haɗa magana biyu, a ƙarƙashin mota bakinsa buɗewa yake yi. A nan suka yanke shawarar makarantar da za a sa yara. A nan aka tsayar da maganar auren Bilkisu, babbar 'yarsu, wadda yanzu take Suleja. A nan ya gaya mata yadda mutuwar mahaifiyarsa ta dake shi, bayan ya yi wata da watanni yana nuna kamar ba komai. Juwairiyya ta lura cewa akwai maganar da namiji ba ya iya faɗa sai idan ba a ganin fuskarsa, ta kuwa bar shi a haka.

Abin dariyar gidan shi ne, ba a cin ƙwai. A wannan sana'ar, abin da ya fashe a hanya shi direba ke kai wa iyalinsa, shi ya sa 'ya'yan masu jigilar ƙwai sukan ci har ya gundure su. 'Ya'yan Ɗangoggo kuwa sai dai su ji ƙamshi a maƙwabta. Sumayya, autarsu, wadda take ajin ƙarshe a sakandare, ta sha cewa, “Baba, don Allah ka ɗan faɗa rami ko sau ɗaya mana.” Shi kuma ya ce mata ta je ta nemi wani uban.

Daminar da ta wuce ne Juwairiyya ta fara jin cokali yana buga kofi idan yana motsa shayi, bugun da ba na motsawa ba. Ta duba, ta ga hannunsa na dama yana ɗan karkarwa. Ta ce a ranta gajiya ce. Sai ya fara daɗewa wajen saka maɓallin riga. Sai ya koma shan shayinsa a waje, wai ɗaki da zafi. Idan baƙi suka zo hannun yana cikin aljihun jamfa har su tafi. Ba ta ce masa komai ba, shi ma bai ce mata ba.

Rannan ya dawo da yamma ya miƙa wa Sumayya leda, a ciki fasassun ƙwai ne. Yarinyar ta yi guɗa ta ce, “Mama, yau arziki ya san layinmu!” Bayan kwana biyu ya sake kawowa. Juwairiyya ta soya da albasa da attarugu, gida ya ɗauki ƙamshi, Sumayya ta ci ta lashe hannu. Ita kam ko loma ba ta iya kaiwa baki ba. Tsoro take ji, tsoron da ba ta san wanda za ta gaya wa ba.

Asabar ta zo. Yana shimfiɗa kwali ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “Akwai rawa a sitiyarin nan. Ina jin ta a hanya.”

Ta zauna, ya shige, ya ce “Kaɗa.” Ta kaɗa. Sitiyarin ya amsa mata tsam, ba fili, ba ƙwas, yadda yake yi idan komai sabo ne. Ta sake kaɗawa tana roƙon Allah ta ji wani abu. Ba komai.

“Ga shi nan, ina ji a bushin rak,” in ji shi. “Ke ba ki ji ba?”

Ta dubi ƙafafunsa. Yatsun a dunƙule suke, amma ba dunƙulewar fushi ba ce, wata iri ce da ba ta taɓa gani ba. Ta gane roƙonta yake yi.

“Kamar akwai ɗan kaɗan,” ta ce.

Wannan ce ƙaryarta ta farko a kan kujerar nan. Ya kai mota gareji aka canza robobin rak. Ƙwai bai daina zuwa gida ba. Wata Asabar ya ce na hannun taya ne, ta ce kamar haka ne. Wata kuma ya ce kujerun inji ne ke aiko da rawar, ta ce zai yiwu. Kowane mako yana samo wa rawar sabon gida a jikin mota, ita kuma tana taya shi shimfiɗa mata tabarma.

Mai zarginta ya yi a hankali. Ta san abin da motar nan take a wurinsa. Da ita ya ciyar da su, da ita ya gina ɗakunan da suke ciki, amma ba ma wannan ba ne ya fi damunta, don keken ɗinkinta ba ya kwana banza. Ɗangoggo mutum ne da bai san yadda ake zama ba. Ko ranar Sallah, da an sauko daga Idi sai ya zagaya motar ya ɗan danna taya da ƙafa. Idan aka raba shi da hanya, wane ne zai saura a cikin rigar? Tana son sa, tana jin tausayinsa, tana kuma jin haushinsa da ya ɗora mata wannan kaya, ya sa bakinta ya zama wurin ɓuyansa. Duk ukun tare take jin su, wani lokaci tana cikin ɗinki sai ta ga ta kauce layi.

Wata rana da hantsi, Ɗangoggo yana Jiwa, ta ji sallama a ƙofa. Abednego ne, da kayan aikinsa a jiki, riƙe da baƙar leda. Bai taɓa zuwa gidan maigidan ba ya nan ba. Ta ba shi kujera a waje, ya ƙi zama. Ya juye ledar a kan benci, robobi suka zubo.

“Madam, duba da kanki. Duk wanda na cire daga motan oga ne.”

Ta ɗauki ɗaya, ta danna da farcen babban yatsa, ta lanƙwasa, yadda ta ga ana yi tsawon shekaru. Ba tsaga, ba taushi. Ta ɗauki wata. Duk da ransu.

“Motan nan ba shi da matsala,” in ji Abednego. “Na duba shi sama da ƙasa. Jiya na ce mu fita tes, ni na tuƙa, sitiyari yana nan tait, ba wasa. Na ba oga, na zauna a gefe. Madam, a kan titin eyapot fa. Mota yana tafiya haka, yana dawowa haka.” Ya nuna da hannu. “Wani mai bas ya zage mu. Oga ya ce, ka ji ko, rak ne. Ni na yi shiru.”

“Me ya sa ba ka gaya masa ba?”

Ya sosa ƙeya. “Ya girme ni, Madam. Bakina ba zai iya ba. Kuma ko na faɗa, zai ce ban san aiki ba, ya tafi wani gareji, su kuma su canza masa duk abin da ya ce. Amma ke, idan kin ce babu, ya san babu. Shi da kansa ya gaya mini, ya ce hannunki bai taɓa yi masa ƙarya ba.”

Da mari ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta tattara robobin ta mayar cikin leda, ta yi masa godiya, ta kai su ƙarƙashin gado.

Da la'asar ɗin ranar ta fita sayen zare a ƙetaren babban titi. Ta hau gadar masu tafiya a ƙasa, ta kai tsakiya, sai ta tsaya ta jingina da ƙarfe. A ƙarƙashinta motoci ne layi-layi suna gudu kamar an biyo su. Can gaba kaɗan, inda ba gada, mutane suna tsallakawa da gudu yadda suka saba: leburori, 'yan makaranta, wata mata da goyo da kaya a ka. Tana tsaye a nan sai ga wagon ɗinsu ta taho daga wajen gari. Tun da take, ba ta taɓa ganinta daga sama tana tafiya ba. A hankali take zuwa, a layin gefe. Sai ta ɗan zame ta taka farin layi, ta dawo, ta wuce wuri kaɗan, ta sake dawowa. Wata babbar mota ta danna mata hon mai tsawo. Matar mai goyo tana tsaye a kan dakalin tsakiya tana jiran fili. Ba abin da ya faru. Wagon ta shige ƙarƙashin gadar ta tafi abinta. Amma Juwairiyya ta daɗe a jingine da ƙarfen, sai da wata mai gyaɗa ta tambaye ta ko lafiya.

Ta dawo gida ba zare. Ta yi niyyar yi masa magana a kan abinci, ta ga yadda yake cin tuwo yana kare hannun da gefen jikinsa, maganar ta maƙale. Washegari ta sake niyya, ta sake kasawa. A ɗaki, fuska da fuska, ba su saba irin wannan maganar ba.

Asabar ta zo da ɗan hadari a sama. Ya hau da tayoyi kan katakai, ya shimfiɗa kwali, ya murɗa makulli don sitiyari ya saki, ya kwanta ya ja jiki ya shige. Ta zauna a wurinta. Tankin yana nan, mangwaron yana nan. Ta ɗaga hannu za ta ɗora a kan sitiyari, sai matar mai goyo ta faɗo mata a rai. Hannuwan suka koma cinyarta suka kwanta. Ba dabara ta shirya ba, kasawa ta yi.

“Kaɗa,” in ji shi.

Ba ta motsa ba. Ta ji yana ja da jiki yana lalube. Wani zakara ya yi cara a bayan katanga.

“Yawwa,” ya ce, muryarsa har da ɗan farin ciki. “Na kama shi yau. Ga shi nan a hannuna, ta dama, yana motsi sosai. Ci gaba, kada ki tsaya. Wallahi na san akwai abu a nan. Kin ji shi?”

Hawaye suka zubo mata. Ta san idan ta ce “Na ji,” zai fito da murna, ya yi mako guda yana mutum cikakke. Ta kuma san inda zai bi da motar ran Litinin.

“Malam.”

“Na'am. Kin ji ko?”

“Ban taɓa sitiyarin ba. Tun da ka shiga hannuna yana cinyata.”

Ta dubi ƙafafunsa. Yatsun suka dunƙule, suka daɗe a haka, sannan a hankali suka saki, ƙafafun suka kwanta gefe da gefe kamar na mai barci. Ba ta kira shi ba. Ta bar shi da inuwar motarsa, inda ba mai ganin fuskarsa. Sumayya ta leƙo daga ƙofa za ta yi magana, uwar ta yi mata alama da ido, ta koma ciki.

Da ya fito bai kakkaɓe rigarsa ba. Ya janye kwalin, ya jingina shi da katanga, ya zagayo ta gaban mota. Ta ɗauka zai zo ya tsaya a ƙofarta ta fito ta ba shi wuri, yadda suke yi kullum. Sai ya wuce ɗaya gefen, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta ita ba, ya kawar da tsumma da wani kiret da ba komai a ciki, ya zauna. Ya ɗora hannun dama a kan gwiwa, a fili, bai kai shi aljihu ba. Su biyun suka zuba masa ido yana abinsa.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun da ka koma shan shayi a waje.”

Ya gyaɗa kai. “Robobin nan da na sa aka ciccire…”

“Suna ƙarƙashin gado. Abednego ya kawo. Duk lafiyarsu lau.”

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba. “A adana su nesa da zafi. Za su yi amfani.”

“Ka yafe mini, Malam. Da tun farko na faɗa.”

“Ni na sa ki,” ya ce. Ya daɗe yana kallon tankin maƙwabta, kamar yau ya fara ganinsa. “Ashe wannan kike ta kallo duk shekarun nan.”

“Shi ne.”

“Kin yi haƙuri.” Ya numfasa. “Ran Litinin Abednego ya nemo mana wanda zai riƙa kai ni Jiwa yana dawo da ni.”

“Da asibiti.”

“Da asibiti,” ya amsa, ba gardama. “Amma baƙon hannu ba zai daɗe mini a kan sitiyarin nan ba. Ba su san shi ba, za su kashe mini roba. Kafin nan dai ya riƙe mana.”

“Kafin me?”

Ya sunkuya ya nuna mata ƙasa, wajen ƙafafunta. “Cire takalmin. Na tsakiyan nan shi ne birki, shi za ki fara sani kafin komai. Na hagu kuloc. Ƙafar da ta iya keken ɗinki, wannan ba zai gagare ta ba.”

Ta dube shi ta ga da gaske yake. Ta cire takalmi, ta rufe ƙofar da shekara da shekaru a buɗe take barinta, ta taka inda ya ce, ta murɗa makulli. Inji ya tashi, sitiyari ya ɗauki ɗumi da 'yar tsuma a tafin hannunta, abin da ba ta taɓa ji ba, don ita kullum a kashe ta san shi. Ya nuna mata giya, ya sauke birkin hannu da hagunsa. Ta saki kuloc da sauri, mota ta yi tsalle ta sauko daga katakai ta mutu. Wata maƙwabciya da ke shanya ta ƙwala kira, “Jama'a, ku fito, yau Direba za ta yi tafiya!”

“Ƙyale ta,” in ji Ɗangoggo. “Sake. A hankali wannan karon.”

Ta share ido da gefen mayafi, ta sake kunnawa. Ta ɗaga ƙafa kaɗan-kaɗan. Motar ta yi nishi, ta gusa. Shuɗin tankin ya fara tahowa wajenta, ya zo daidai tagarta, ya wuce baya, mangwaron ya bi shi. Gaba sai jar ƙasar layin da ramukanta. Hannuwanta, da suka saba, suka fara kaɗan hagu, kaɗan dama, motar kuwa ta bi su nan take tana layi.

Ya miƙo hannun nan mai rawa zai gyara mata, ya kai rabi, sai ya mayar da shi kan gwiwarsa.

“Yau ba tankaɗe, Juwaira,” ya ce a hankali. “Riƙe shi kawai. Ba shi da wasa ko kaɗan.”